Sunan da Take Iya Faɗa

"K-k-kai ne kake jira Anti Hester ta mutu?"

Tessa ce ta yi tambayar. Tana tsaye a bakin ƙofar falo, jakar makaranta rataye a kafaɗarta, ta zuba wa mutumin da ke durƙushe gaban kwalaye ido. Uwarta Lorraine na cikin zuba shayi, sai da kofin ya cika ya malala kan faranti kafin ta ankara. Mista Ansell kuwa kunnuwansa suka yi jawur. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

Daga kan gadon da aka sauko da shi falo tun da hawa bene ya gagare ta, Miss Ferriby, wato Anti Hester ɗin, ta tuntsire da dariya har tari ya sarƙe ta. Da ta samu numfashi sai ta ce, "Ka ba ta amsa mana, Ansell. Yarinya ta yi maka tambaya."

Mista Ansell ya shiga kame-kame. Wai shi ba jira yake yi ba, aiki yake yi, jami'a ce ta turo shi ya tattara wasiƙun Miss Ferriby a adana, in lokaci ya yi kuma a zaɓi wasu a buga littafi. Tessa ta tambaye shi wane lokaci ke nan. Lorraine ta kama hannunta ta kai ta kicin, ta danƙa mata biskit, ta ce ta zauna nan kada ta motsa.

Hester Ferriby ta rubuta littattafan labarai da dama a zamaninta, irin waɗanda ake koyarwa a jami'a amma da wuya ka gan su a hannun mutanen titinmu. Mu abin da muka san ta da shi wasiƙa ce. Bango ɗaya ne tsakanin gidanta da na su Lorraine, in ta yi atishawa ana ji, amma ba ta taɓa ƙwanƙwasa ƙofa ta ce a sam mata sukari ba. Sai dai ka ji 'yar kafar wasiƙa ta jikin ƙofarka ta yi ƙara, ka tarar da takarda a ƙasa: kyanwarku ta sake tone mini furanni, a gaishe ta da aiki. Mai kawo madara ma takarda take naɗe masa a bakin kwalba. Kuma kowace wasiƙa, komai ƙanƙantarta, sai ta sa shuɗiyar takardar kabon a ƙarƙashi, ta aika ta sama, ta ajiye ta ƙasa. Kwafin nan ne suka cika ɗaki guda a bene, su ne Mista Ansell yake zuwa a jirgin ƙasa yana jerawa cikin kwalaye.

A farkon sanyi ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta. Hannun dama ya tafi, baki ya tsira. Lorraine ta fara da shigo mata da romo, ta ƙara da wankin zannuwan gado, daga nan ta zama ita ce hannun. Kullum da rana, in jaririnta ya yi barci, sai ta turo kekensa ta ajiye kusa da murhu, ta ɗauki alƙalami, tsohuwa na faɗa tana rubutawa. Mijinta Gordon direban babbar mota ne, yakan kwana biyu a hanya, don haka ba wanda yake jiran ta a gida.

Ba don ana biyan ta take yi ba. Don Tessa take yi. Yarinyar shekararta bakwai, kuma in'ina ta kama ta tun da ta fara haɗa magana. Sunanta ma shi ya fi ba ta wuya. In baƙo ya tambaye ta sunanta, sai harshe ya maƙale a bayan haƙori, ta yi ta t-t-t har fuskarta ta yi ja. A makaranta yara suna kiran ta Babur, wai babur ɗin da ya ƙi tashi, wasu har su riƙa murɗa hannu a iska in ta wuce. Kowa yana ƙarasa mata magana don tausayi ko don sauri: malamarta, mai kanti, Gordon, har ita kanta Lorraine in abinci na kan wuta. Miss Ferriby ce kaɗai ba ta taɓa yi ba. Sai ta naɗe hannu ta jira, ba ta kau da kai, ba ta gyaɗa kai don ta hanzarta ta, kamar ba abin da ya fi mata muhimmanci a ranar. A gidan nan Tessa takan yi hira har a gaji da ita.

Washegarin tambayar, Lorraine ta zauna da alƙalami kamar kullum. Wasiƙar ranar ta Rosalind ce, ƙawar Miss Ferriby tun suna 'yan makaranta, wadda ke zaune can arewa, suna rubuta wa juna duk mako tun kafin a haifi Lorraine. Aka fara da ruwan sama da ciwon baya da zagin likita. Sai tsohuwar ta gyara kwanciya, idonta ya yi haske, ta fara ba da labarin jiya: yadda Ansell ya durƙusa, yadda Tessa ta tsaya da jaka.

"Rubuta haka," ta ce. "Ka, ɗan layi, ka, ɗan layi, sannan kai ne kake jira."

Hannun Lorraine ya tsaya. "In'inar ma zan rubuta?"

"To in babu ita ai ba Tessa ba ce. Rubuta, 'yar nan, kada zancen ya huce."

Lorraine ta dubi shuɗiyar takardar da ke leƙowa daga ƙarƙashin farar. Ta dubi kwalayen da ke jere a jikin bango. Wata nawa tana zaune kusa da su, ba ta taɓa haɗa su da 'yarta ba. Ta tambaya ko wannan ne karon farko da Tessa ta shiga wasiƙa. Miss Ferriby ta ce ina, ai tun ranar da su Lorraine suka tare a gidansu, Rosalind ta san yarinyar fiye da jikokin 'yan'uwanta. Da sunanta? Da sunanta mana. Da sunan titin? Ai yana saman kowace takarda.

Lorraine ta ƙarasa wasiƙar don ba ta iya barin aiki rabi. Amma da Mista Ansell ya zo a ƙarshen mako, ta tare shi a bakin ƙofar lambu ta tambaye shi kai tsaye. Mutumin kirki ne, shi ya sa bai gane abin da ake tambayarsa ba. Fuskarsa ta washe. Ya ce yarinyar ce hasken wasiƙun shekarun ƙarshe, ya ce duk wanda ya karanta sai ya ƙaunace ta, har yana tunanin a cikin gabatarwa ya ware mata shafi. Ya taya Lorraine murna.

Ba ta jira ya tafi ba. Ta bar shi a bene da kwalayensa, ta shiga falo ta rufe ƙofa, ta ce wa Miss Ferriby tana so a cire Tessa daga littafin, gaba ɗaya. Ta faɗa a hankali, don ba mai ɗaga murya ba ce. Ta ce garin nan ƙarami ne. Ta ce yau yara ke kiran 'yarta Babur, gobe kuma za su samu a rubuce, da hannun babbar marubuciya, harafi bayan harafi, su haddace.

Tsohuwar ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce ita ba ta taɓa goge layi ɗaya daga wasiƙar da ta riga ta aika ba, kuma ba za ta fara a kan gadon mutuwa ba. Littattafanta, in ji ta, duk ƙarya ce da aka gyara, wasiƙun ne kaɗai inda ta faɗi abu yadda yake. In aka fara cire mutane don kada ransu ya ɓaci, sai littafin ya koma ruwan sama da ciwon baya.

"Ke za ki tafi, Miss Ferriby," in ji Lorraine. "Ita ce za ta zauna a garin nan."

"Na sani. Amma kin yanke mini hukunci ba ki karanta ko ɗaya ba. Hau sama, kwalin da ke bayan ƙofa."

"Ba na karanta wasiƙun mutane."

"Uhm. Rubuta su kawai kike yi."

Lorraine ta ɗauki kwanon romo da ba komai a ciki, ta tura keken jariri ta fita.

Ba ta daina zuwa ba. Mutum ba ya barin tsohuwa cikin jiƙaƙƙen zane don sun saɓa. Tana kawo romo, tana zuba gawayi a murhu, tana taya nas juya ta. Amma alƙalami ba ta sake taɓa shi ba, kuma ta hana Tessa shiga. Miss Ferriby ba ta roƙa ba. Suna gaisawa, suna maganar ruwan sama kamar mutanen da suka haɗu a tashar mota. Ranar da aka saba aika wa Rosalind ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa ta wuce.

Da Gordon ya dawo, ta gaya masa yana cin kifi da soyayyen dankali a cikin takardarsu. Ya ce shi bai ga abin tashin hankali ba, wa zai karanta? Shi jarida ma shafin ƙwallo kawai yake dubawa, kuma kaf abokansa ba wanda zai sayi littafin wasiƙun tsohuwa ko da kyauta ake haɗawa da giya. Lorraine ta ce matar shugaban makaranta za ta karanta, matar mai kantin magani za ta karanta, kuma su ne masu hira a kan tebur yara na ji. Gordon ya lashe yatsa ya ce to ita ta fi sani. Da safe ya sake hawa hanya.

Tessa kuwa maganarta ta ƙara cushewa. Ta koma nuni da hannu: gishiri, takalmi, ƙofa. In ta dawo daga makaranta sai ta zauna a kan matakalar bene ta jingina kunne da bango, tana jin tarin da ake yi a ɗaya gefen. Wata rana da yamma Lorraine na goge mata kai da tawul, yarinyar ta tambaya ko laifi ta yi. Lorraine ba ta iya yi wa yara ƙarya, don haka ta gaya mata iya abin da za ta gane: Anti Hester tana ba ƙawarta labarinta a wasiƙa, kuma za a sa wasiƙun a littafi, kowa ya gani, har yadda take magana.

Tessa ta leƙo daga ƙarƙashin tawul. Can ta ce, "T-ta ce ni daƙiƙiya ce?"

Lorraine ta buɗe baki za ta ce a'a, sai ta tuna ba ta sani ba.

Washegari da rana, tsohuwa na barci baki buɗe, ta hau bene a hankali ta jawo kwalin da ke bayan ƙofa. Ɗakin na warin ƙura da tsohuwar takarda. Ta zauna a ƙasa da rigar aikin gida a jikinta. Shuɗin rubutun ya dusashe, wani wurin sai ta kai takarda kusa da taga.

Ta samu kanta a ciki tun da wuri. An ce da ita uwar da ke tsaye a ƙofa kamar kare mai gadi, sai dai karen ya iya romon kaza. Ta ji haushi, ta kuma ji dariya na neman kuɓuce mata. Sannan ta samu Tessa. "Yarinyar maƙwabta ta zo yau," in ji wata takarda. "Kafin ta gama gaya mini haƙorinta ya fita, buta ta tafasa ta huce. Rosalind, na ƙarar da rayuwata ina zubar da kalmomi kamar ruwan wanki, yau ga wata da kowace kalma sai ta hau tudu ta ɗauko ta, ta kawo mini da hannu biyu. Ban taɓa gajiya da jira ba." Akwai irin wannan da yawa. Tessa da kyanwa, Tessa tana gyara wa tsohuwa sunan tsuntsu, Tessa tana cewa littattafan Anti Hester ba hoto shi ya sa ba a saye. Ba inda aka ce daƙiƙiya. Lorraine ta goge ido da gefen riga.

Sai ta kai ga wasiƙar da ta sa ta miƙe tsaye. Ranar nan ce ta bara, da malama ta tsayar da Tessa gaban aji ta ce ta yi karatu da ƙarfi, kalma ta farko ta maƙale, yara suka fara murɗa hannu, fitsari ya kuɓuce wa yarinyar a tsaye. Malama ta yi saurin fitar da ita kafin a lura. Lorraine ce ta wanke siket ɗin da hannunta, ta riƙe fuskar 'yarta ta rantse mata ba wanda zai taɓa sani, ko babanta. Ashe Tessa ta kai zancen gidan da take kai komai. Ga shi nan a rubuce, cikin tausayi, cikin fushi da malamar, amma ga shi nan, da suna, da kwanan wata.

Ta daɗe riƙe da takardar. Murhu na ƙasa, gawayi na ci, tana iya jefa ta ciki. Amma wannan kwafi ne, ta ainihin tana can arewa a hannun Rosalind, kuma Mista Ansell ya riga ya ce za a haɗa duka. Ban da haka ma, Lorraine ba ta taɓa ɗaukar abin wani ba. Ta mayar da ita inda take, ta rufe kwali, ta sauko da niyyar in tsohuwa ta farka su yi magana. Ba ta farka ba har yamma, jariri ya fara kuka, aka bar wa gobe.

Goben da safe nas ta ƙwanƙwasa wa Lorraine ƙofa. Ciwon ya sake bugowa, wannan karon ya taɓa baki. Likita ya zo ya tafi, ya ce a kira duk wanda za a kira. Ba wanda za a kira sai Mista Ansell, shi kuma ya hawo jirgin farko da ya samu, ya iso da yamma da lema a hannu, idonsa jawur. Shekaru ya yi yana karanta matar nan, yana ƙaunarta ta hanyarsa.

Lorraine ta je ta ɗauko Tessa daga makaranta da kanta. A hanya ta gaya mata Anti Hester ba ta da lafiya ƙwarai, fuskarta ta karkace, maganarta ba ta fita sosai, in ta ji tsoro su fito. Yarinyar ta gyaɗa kai, ta ƙara sauri.

Falon ya yi ɗumi da yawa. Miss Ferriby ta ƙanƙance a cikin matasai, gefen bakinta ya sauka, amma idon nan nata yana nan yadda yake. Da ta ga Tessa sai hannun hagu ya motsa a kan bargo. Yarinyar ta hau kujera kusa da gadon ta zauna, ƙafafunta na lilo. Tsohuwar ta dubi Mista Ansell, ta dubi kwalaye, ta dubi alƙalamin da ke kan tebur, sannan ta tsayar da ido a kan Lorraine har sai da ta ɗauka.

"Wa... wasiƙun," ta ce. Kalmar ta fito a niƙe. "Na ya... yarinya. A c... c..."

Ta tsaya. Jijiyar wuyanta ta miƙe. Ta sake gwadawa, harafin ya sake tokarewa.

"A cire," in ji Lorraine da sauri, alƙalami na kan takarda. "A cire su, ko?"

"Ina jin a ci gaba take nufi," in ji Mista Ansell a hankali. "A ci gaba yadda aka tsara. Haka ne, Miss Ferriby?"

"K-k-ku bar ta," in ji Tessa. Ba ta ko waiwayo ba. "B-ba ta gama ba."

Suka jira. Gawayi ya ruguje a murhu. A waje wata mota ta wuce, tsuntsayen teku na kuka a kan rufi. Lorraine ta ji yadda jiran yake da nauyi, yadda harshenta ke ƙaiƙayi ya taimaka, ta danne shi da haƙori. Tessa ta naɗe hannu a cinya tana kallon tsohuwar a ido. Yawu ya gangaro daga gefen bakin da ya sauka, ba wanda ya motsa ya goge.

"C... canza," in ji Miss Ferriby a ƙarshe. Ta huta. "Suna. Da t... titi." Ta juya ido ga yarinyar. "Ke. Zaɓa."

Sai da Lorraine ta yi wa Tessa bayani: a cikin littafin ba za a sa sunanta ba, za a sa wanda ta ga dama, kuma ba za a faɗi titinsu ko makarantarsu ba. Amma yadda take magana zai zauna. Ta tambaye ta ko ta yarda da wannan, ta ce in ba ta yarda ba ta faɗa yanzu, ba wanda zai yi fushi. Tessa ta ɗaga kafaɗa, ta ce ai haka take magana. Sunan ne ya ɗauke mata hankali. Ta yi ta motsa baki ba sauti, tana gwadawa tana zubarwa, kamar mai gwada takalma a kanti.

"Molly," ta ce. Ya fito sumul, ba tuntuɓe. Ita kanta ta yi mamaki. Ta sake faɗa da ƙarfi, "Molly," sai ta rufe baki da hannu tana dariya.

Rabin fuskar tsohuwar da ke aiki ya yi murmushi.

Lorraine ta rubuta. Ba abin da ta nema ba ne. Ta san matar shugaban makaranta ba za ta sha wahalar gane wace ce Molly ba. Amma baƙo ba zai gane ba, kuma in Tessa ta girma ta bar garin nan, sunanta ba zai bi ta cikin littafi ba. Saura abu guda, kuma ba za ta iya faɗinsa a gaban yarinyar ba. Ta sunkuya kusa da matashi.

"Akwai guda ɗaya, Miss Ferriby. Ta bara, ta ranar karatu a aji. Na yi mata alkawari. Wannan ba ta shiga, da kowane suna."

Idon ya tsaya a kanta. A nan ne Miss Ferriby ta gane an hau benen, kuma Lorraine ta ga ta gane. Ta ga taurin kan nan ya taso kamar yadda ya saba. Mista Ansell ya buɗe baki, ya dubi Tessa, ya rufe. An daɗe. Sannan hannun hagu ya ɗago daga kan bargo, yatsa ɗaya a miƙe.

"Ɗaya," in ji Mista Ansell. "Na gani. Zan rubuta wa Rosalind da kaina a kan wadda ke hannunta."

Lorraine ta ƙara layin, ta karanta duka da ƙarfi don kowa ya ji, ta riƙe takardar a kan littafi, tsohuwa ta ja wani abu mai kama da sa hannu da hagu. Mista Ansell ya sa nasa a ƙasa. Nas ta leƙo ta ce ya isa haka. Tessa ta ƙi sauka daga kujera sai da ta gama ba da labarin wani yaro da ya haɗiye maɓalli a ajinsu, labarin da ya ɗauki lokaci mai tsawo, kuma aka saurare shi har ƙarshe.

Bayan 'yan kwanaki Miss Ferriby ta rasu, da hantsi, Tessa na makaranta. Lorraine na durƙushe tana kwashe toka daga murhu, tana ba ta labarin tsadar gawayi don kada ɗakin ya yi shiru, sai ta lura numfashin da take ji a bayanta ya daina. Ta wanke hannu tukuna. Ta rufe mata ido, ta gyara mata gashi, ta buɗe taga kaɗan, sannan ta zauna a gefen gadon ta yi kukanta kafin ta je kiran nas.

Jana'izar ba ta tara mutane ba. Mutanen titi, mai kawo madara cikin kwat ɗin da ta yi masa kaɗan, wasu baƙi daga jami'a. Rosalind tsufa ya hana ta tafiya. Lorraine ta ga bai dace matar ta ji mutuwar ƙawarta daga jarida ko daga bakin waya kawai ba, don haka ta zauna a teburin kicin ta rubuta mata da kanta. Ba ta iya tsara magana ba. Ta ce ta tafi cikin sauƙi, ɗakin da ɗumi, ba ita kaɗai ba ce. Ta ce makonnin da wasiƙa ba ta zo ba, ba mantawa aka yi ba. Tessa ta lashi kan sarki ta manna shi a karkace, suka tafi tare har jan akwatin gidan waya da ke kan kwana, ana yayyafi. Yarinyar ta yi ɗage ta zura ambulan ɗin, ta tsaya da kunne a jikin ƙarfen har ta ji faɗuwarsa.

Littafin ya fito daga baya, mai kauri, da hoton tsohuwar a bango tana harara. Mista Ansell ya cika alkawari. In ya shigo hannunka ka karanta, za ka haɗu da Molly wajen ƙarshe, kuma za ka ƙaunace ta, wannan gaskiyarsa ce. Ka yi dariya inda abin dariya yake. Amma ka tsaya nan. Kada ka hau jirgi ka zo kana bin tituna da littafi a hammata, kana tambayar masu kanti ina yarinyar nan mai in'ina. Kada ka tsaya a ƙofar makaranta kana tambayar yara sunansu don ka ji wadda za ta yi tuntuɓe. Sunan da na ba ka a nan ma ba nata ba ne, haka na uwarta. In ka dage har ka gano gidan, uwar ce za ta buɗe maka ƙofa. Za ta saurare ka har ka gama maganarka, ba za ta katse ka ba, sannan ta nuna maka hanyar tasha.